Cinikin Albashin Malamai da Makomar Makarantun Gwamnati a Zangunan Akra: Misalin Nima da Maamobi

1.0 Gabatarwa

A ranar 20 ga watan Maris na shekarar 2024, manyan ƙungiyoyin malamai guda uku na ƙasar Gana suka umarci 'ya'yansu da su ajiye alli su zauna a gida. Karatu ya tsaya a makarantun gwamnati tun daga na renon yara har zuwa babbar sakandare, sai ranar 2 ga watan Afrilu aka janye yajin aikin. Babban abin da ya haddasa rikicin shi ne yarjejeniyar aiki da ke tsakanin malamai da gwamnati, wadda wa'adinta ya ƙare tun watan Agusta na 2023, aka yi ta jan ƙafa wajen sabunta ta.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda ake gudanar da irin wannan ciniki a Gana, da waɗanda suke zama a kansa, da abubuwan da ake ciniki a kansu, da kuma waɗanda ake bari a waje. Za a ɗauki unguwannin Nima da Maamobi na birnin Akra a matsayin misali, domin suna cikin manyan zangunan da Hausa take harshen yau da kullum a cikinsu. Abin da takardar take son nunawa shi ne, albashin malamin da ya riga ya shiga aiki yana da ƙungiya da doka da suke tsaya masa, amma kuɗin alli da littattafai da gyaran aji, da kuma guraben sababbin malamai, ba su da mai ciniki a kansu. Saboda haka su ake fara yankewa idan aljihun gwamnati ya yi rauni, kuma 'ya'yan talakawa irin na zango su ne suke fara ji a jikinsu.

2.0 Ma'anar Wasu Muhimman Kalmomi

2.1 Ciniki

A kasuwar Bahaushe, mai saye shi yake tayawa. Idan tayin bai yi wa mai kaya ba sai ya ce albarka, a yi ta ƙari da ragi har ya sallama. Haka abin yake tsakanin ma'aikata da wanda ya ɗauke su aiki, sai dai hajar da ake ciniki a kanta ita ce aikin ma'aikaci, kuma ba mutum ɗaya yake yin cinikin ba, ƙungiya ce take yi a madadin kowa. Abin da aka daidaita a kai ana rubuta shi a sa hannu, shi ake kira yarjejeniyar aiki.

2.2 Yajin Aiki

An samo wannan kalma daga yajin da matar aure take yi, wato ta tafi gidan iyayenta domin nuna fushinta. Yaji ba saki ba ne, domin mai yaji tana jiran biko, a gyara abin da ya ɓata mata rai ta koma ɗakinta. Ma'aikacin da ya tafi yajin aiki shi ma bai bar aikinsa ba, yana jiran a biyo shi da magana ne.

2.3 Zango da Makaranta

Asalin ma'anar zango ita ce wurin da ayarin fatake yake yada kaya ya kwana. A Gana, inda ake furta kalmar da zongo, ta koma sunan unguwar da baƙi Musulmi suka kafa a gefen gari, ko Hausawa ne su ko ba Hausawa ba. Ita kuwa kalmar makaranta, a bakin mutanen Gana da yawa, har da cikin rubuce-rubucensu na Turanci, ta taƙaita ga makarantar allo ko ta Islamiyya. A cikin wannan takarda za a yi amfani da ita da faffaɗar ma'anar da aka sani a ƙasar Hausa.

3.0 Nima da Maamobi da Makarantunsu

Nima ta fara bunƙasa ne a shekarun 1930, bayan da Malam Amadu Futa, wani mai fataucin shanu, ya sami fili daga iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a suka ƙaru ƙwarai, daga arewacin Gana da Nijeriya da Nijar da Mali da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Maamobi tana maƙwabtaka da ita, har akan haɗa sunayensu a faɗa tare. A shekarar 2018 aka yanke yankin daga majalisar birnin Akra, Nima ta faɗa cikin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma ta Ayawaso ta Arewa.

Makarantun da yaran waɗannan unguwanni suke zuwa sun kasu gida uku. Na farko su ne na gwamnati zalla, waɗanda akan tara da yawa a cikin harabar guda saboda ƙarancin fili, kamar rukunin makarantun Nima da rukunin makarantun Kanda. Na biyu su ne makarantun Islamiyya da suka amince su haɗa karatun boko da na Larabci. Waɗannan suna ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987 a cikin Hukumar Ilimi ta Gana, wadda ake taƙaita sunanta da GES. Ginin na al'umma ne ko na malamin da ya kafa makarantar, gwamnati kuma ita take turo malaman boko ta biya su. Na uku su ne makarantun kuɗi masu zaman kansu, manya da ƙanana.

Yarjejeniyar aikin malamai ta shafi kashi na farko da malaman gwamnati da ke cikin kashi na biyu. Malamin makarantar kuɗi ba ya cikinta, haka ma malamin Larabci da al'umma take biya.

4.0 Ƙungiyoyin Malamai a Gana

Tarihin ƙungiyar malamai a Gana ya faro ne daga batun rage albashi. A 1931, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, gwamnatin mulkin mallaka ta yi niyyar zaftare albashin malaman makarantun mishan da take tallafa wa. Malaman suka haɗa kai ƙarƙashin jagorancin J. T. N. Yankah, suka kai kuka har gwamnati ta ja da baya. Daga wannan haɗin kai ne Ƙungiyar Malamai ta Ƙasar Gana, wato GNAT, ta samo asali, ko da yake sai a 1962 ta ɗauki wannan suna. A shekarar 1931 ɗin ce kuma aka kafa ƙungiyar malamai ta Nijeriya, NUT, a Legas.

GNAT ita ce mafi girma da daɗewa. A shekarun 1990 malamai masu digiri suka ɓalle suka kafa tasu, NAGRAT, bisa ƙorafin cewa ba a kula da buƙatunsu. Daga baya aka sami ta uku, CCT, wadda ta sauya suna zuwa PRETAG. Akwai kuma TEWU, wadda akasarin 'ya'yanta ma'aikatan makaranta ne da ba sa shiga aji, kamar akawu da masu dafa abinci da masu gadi. A da ƙungiyoyin sukan yi hamayya da juna, amma a manyan rigingimun 2019 da 2022 da 2024 sun fito da murya ɗaya, domin sun ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malaman Gana suna da dalilin tsoron lalacewar albashi. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, darajar albashi ta faɗi har dubban ƙwararrun malamai suka tsallaka Nijeriya neman aiki, da yawansu suka koyar a makarantun Arewa. Azuzuwan da suka bari aka cike su da waɗanda ba su sami horo ba.

5.0 Yadda Ake Gudanar da Cinikin

Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ita ce ta shimfiɗa ƙa'idojin. Ƙungiya ba ta iya ciniki a madadin wani rukunin ma'aikata sai ta sami takardar izini daga Babban Jami'in Ƙwadago. Dokar ta wajabta wa ɓangarorin biyu su yi cinikin da zuciya ɗaya, ta kuma ce yarjejeniyar da aka ƙulla tana aiki a kan duk ma'aikatan rukunin, ko suna cikin ƙungiya ko ba sa ciki. Wa'adinta ba ya gaza shekara ɗaya.

A ɓangaren gwamnati, GES ce ta ɗauki malamai aiki, amma ba ita take jagorancin cinikin ba. Wannan aikin Hukumar Daidaita Albashi ne, wadda aka kafa da doka mai lamba 737 a shekarar 2007. Ita kuma ba ta iya yin alkawarin ko sisi sai da yardar Ma'aikatar Kuɗi. Ke nan wanda ya san halin da aji yake ciki daban, mai magana daban, mai riƙe da lalita daban. Wannan rarrabuwa tana cikin dalilan da suke sa ciniki ya daɗe.

Cinikin kansa hawa biyu ne. A hawa na farko ana tsayar da ƙarin tushen albashi na dukkan ma'aikatan gwamnati a lokaci guda, domin tun daga 2010 an ɗora su a kan tsarin albashi na bai ɗaya mai matakai 25. Alal misali, an yi ƙarin kashi 30 cikin ɗari a 2023, da kashi 23 a farkon 2024 wanda ya koma 25 daga watan Yuli, da kashi 10 a 2025. A hawa na biyu ne malamai suke zama su kaɗai a kan abin da ya keɓanta da su, kamar alawus-alawus da ƙarin girma da hutun ƙaro karatu da canjin wurin aiki.

Idan aka kasa daidaitawa, magana tana zuwa gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Ita takan fara da sulhu, idan ya ci tura a koma ga masu yanke hukunci. Doka ta ce sai an ba da sanarwar kwana 7 kafin a shiga yajin aiki, kuma ba a yin sa alhali ana tsakiyar tattaunawa ko sulhu. Wanda ya shiga yajin da ya saɓa wa doka yana iya rasa albashin kwanakin da bai yi aiki ba. A aikace, sau da yawa hukumar takan ce a koma aji tukuna a ci gaba da magana, ƙungiyoyi kuma su ce sun gaji da gafara sa ba su ga ƙaho ba.

6.0 Misalai Uku na Yajin Aiki

6.1 Bashin Albashi, 2019

A watan Disamba na 2019 ƙungiyoyin uku suka tafi yajin aiki a kan bashin da malamai suke bin gwamnati tun daga 2012 zuwa 2016. Tushen bashin shi ne sabon malami yakan yi watanni da yawa yana koyarwa kafin sunansa ya shiga jerin masu karɓar albashi, idan ya shiga kuma a biya shi na wata uku kawai, sauran a ce sai an tantance takardu.

6.2 Alawus na Tsadar Rayuwa, 2022

A ranar 4 ga watan Yuli na 2022, GNAT da NAGRAT da CCT da TEWU suka dakatar da aiki, suna neman alawus na tsadar rayuwa na kashi 20 cikin ɗari. A lokacin hauhawar farashi ta kusa kashi 30, kuma kwanaki kaɗan kafin haka gwamnatin Shugaba Nana Akufo-Addo ta sanar da cewa za ta nemi agajin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A tsakiyar watan aka daidaita a kan kashi 15 ga dukkan ma'aikatan gwamnati. Zuwa watan Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1. Ma'ana, kayan da aka saya sidi 100 a ƙarshen 2021 sun koma kimanin sidi 154 a ƙarshen 2022. Duk da nasarar da ƙungiyoyin suka samu, abin da albashin malami yake iya saya ya ragu.

6.3 Yarjejeniyar Aiki, 2024

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2020 ta kawo alawus na ƙara ƙwarewa, sidi 1,200 a shekara ga ƙwararren malami. A 2021 gwamnati ta fito da shirin bai wa kowane malami kwamfutar tafi-da-gidanka, ita ta biya kashi 70 na kuɗin, malami ya biya 30, aka cire rabon malamin daga wancan alawus. Har zuwa 2024 akwai malamai da yawa da aka yanki kuɗinsu ba su karɓi kwamfutar ba. Wannan da jinkirin sabunta yarjejeniya da rashin tsayayyen tsarin ƙarin girma su ne suka haifar da yajin watan Maris. An sa hannu a kan sabuwar yarjejeniya a watan Mayu na shekarar.

Abin lura a nan shi ne, duk rigingimun uku a kan haƙƙin wanda ya riga ya zama ma'aikaci aka yi su. Wannan ba laifi ba ne, domin aikin da doka ta ɗora wa ƙungiya ke nan.

7.0 Kuɗin da Ba a Ciniki a Kansa

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce ilimin matakin farko kyauta ne kuma dole ne. Domin cika wannan, a 2005 gwamnati ta soke kuɗaɗen da ake karɓa daga iyaye a makarantunta, ta maye gurbinsu da wani tallafi da take bai wa kowace makaranta gwargwadon yawan ɗalibanta. Da shi shugaban makaranta yake sayen alli da rajista da takardun jarrabawa, ya yi ƙananan gyare-gyare. An fara da tsohon sidi 30,000 ga kowane ɗalibi a shekara, wato sidi 3 a sabon kuɗin da aka fito da shi a 2007. Ya koma sidi 4.5 a 2009, ya kai sidi 10 a 2019.

A ido kuɗin ya ninka fiye da sau uku, amma darajarsa ta faɗi. A 2007 sidi ɗaya ya yi kusan daidai da dalar Amurka ɗaya, don haka sidi 3 kusan dala uku ne. A ƙarshen 2022 dala ɗaya ta haura sidi 10, wato tallafin shekara guda na ɗalibi bai kai dala ɗaya ba. Idan aka ɗauki makaranta mai ɗalibai 400 a matsayin misali, abin da zai zo mata a ƙiyasce bisa sidi 10 na wancan lokaci shi ne sidi 4,000 a shekara. Bugu da ƙari, shugabannin makarantu sun sha kukan cewa kuɗin yakan makara da zangon karatu ɗaya ko fiye, har su ci bashi ko su taɓa aljihunsu.

Gine-gine ma haka. A shekarar 2000 aka kafa asusun raya ilimi na GETFund, ana zuba masa kashi 2.5 daga harajin kayan masarufi. A 2017 aka yi wata doka da ta sa iyaka ga abin da irin waɗannan asusu za su karɓa, rarar ta koma babban aljihun gwamnati, sai a 2025 aka cire wa asusun wannan takunkumi. A watan Satumba na 2017 ɗin ne kuma aka fara shirin babbar sakandare kyauta, wanda ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa, amma ya ja kaso mai tsoka na kuɗin gudanarwa zuwa sama, ya bar firamare a baya. Wani misali shi ne sabuwar manhajar firamare da aka fara aiki da ita a 2019, amma littattafanta ba su fara isa makarantu ba sai a 2022.

Dalilin wannan bambanci a fili yake. Idan albashi ya yi jinkirin mako guda, ƙasa duka za ta ji, ƙungiyoyi su kira 'yan jarida. Idan tallafin ɗalibai ya yi jinkirin wata shida, babu yarjejeniyar da aka karya, babu kuma wanda doka ta ba izinin tafiya yaji a kansa. Ƙungiyoyin malamai sukan yi magana a kai, musamman GNAT, sai dai maganar ta jan hankali ce, ba ta da ƙarfin abin da aka sa wa hannu.

8.0 Barazana ga Guraben Aiki

Barazanar da take fuskantar aikin koyarwa a Gana ba ta cika zuwa ta hanyar korar jama'a a lokaci guda ba, irin wadda aka gani a Jihar Kaduna a 2017, inda gwamnati ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan wata jarrabawar gwaji. Takan zo ne ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce toshe ƙofar shiga. A 2018 aka fito da sharaɗin cewa wanda ya gama kwalejin horon malamai sai ya ci jarrabawar lasisin koyarwa, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya jira Ma'aikatar Kuɗi ta ba GES izinin ɗaukar sababbin ma'aikata. Idan izinin bai fito ba, malami yana zaune a gida alhali aji yana neman mai koyarwa. A watan Fabrairu na 2025 sabuwar gwamnatin Shugaba John Mahama ta soke ɗaukar aikin da aka yi bayan zaɓen 7 ga Disamba na 2024, abin da ya shafi malamai da dama, ƙungiyoyi kuma suka nuna rashin amincewa. A cikin shekarar ne wasu sababbin malamai suka yi zanga-zanga a Akra saboda sun yi watanni suna aiki ba albashi.

Hanya ta biyu ita ce miƙa makarantu ga 'yan kasuwa. A 2019 Ma'aikatar Ilimi ta fito da wani shirin gwaji na damƙa gudanar da makarantun gwamnati 100 ga masu zaman kansu a yankuna huɗu, har da yankin Akra. Ƙungiyoyin malamai suka ƙi, suna cewa ba a shawarce su ba, kuma shirin zai ba ɗan kasuwa damar zaɓen malamin da yake so ya mayar da wanda ba ya so. Shirin bai fara aiki a watan Satumban da aka tsara ba.

Hanya ta uku ita ce aikin wucin gadi, kuma ita ta fi taɓa zango kai tsaye. Tsakanin 2017 da 2018 gwamnati ta ɗauki malaman Larabci kimanin 3,000 ta hannun hukumar samar wa matasa aikin yi. Alawus ake ba su, na ɗan lokaci, ba su shiga tsarin albashi na bai ɗaya ba, yarjejeniyar aikin malamai kuma ba ta shafe su ba. Ci gaban irin wannan aiki ya dogara ga ra'ayin gwamnati mai ci. Ita kanta ma'aikatar raya zanguna da aka ƙirƙira a 2017 an rushe ta a 2021, aka bar Asusun Raya Zanguna.

9.0 Yadda Abin Yake Shafar Yaran Zango

Idan aka tafi yajin aiki, makarantun kuɗi ba sa rufewa. Ɗan mai hali yana aji, ɗan mai talla ko direba ko tela na Nima yana gida, alhali jarrabawar gama ƙaramar sakandare, wato BECE, iri ɗaya za su rubuta. Sakamakon wannan jarrabawa shi yake nuna babbar sakandaren da za a tura yaro. Makarantar 'yan mata ta Accra Girls tana cikin Maamobi, amma zama kusa da ita ba ya ba yarinya gurbi, sai ta ci maki. Gwamnati ta ware kashi 30 na guraben manyan makarantu ga ɗaliban makarantunta domin rage wannan tazara, wanda shi kansa shaida ne cewa tazarar tana nan. A makarantun da suka haɗa boko da Larabci kuwa, yajin aiki yakan raba makaranta biyu, malaman gwamnati su tafi, malaman Larabci na al'umma su ci gaba.

Sai dai asarar yajin aiki ta kwanaki ce da ake iya ƙirgawa, ta ƙarancin kuɗi kuwa kullum ake yin ta. A da makarantun Akra da yawa suna raba yara gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma. A 2010 majalisar birnin, ƙarƙashin Alfred Oko Vanderpuije, ta soke wannan tsari domin yara su sami cikakken wuni a makaranta. A unguwannin da ba su da filin ƙara gini, sakamakon shi ne cunkoso a aji. Malamin da yake da yara da yawa fiye da ƙima ba ya iya duba aikin kowa, komai ƙwazonsa.

Daga nan sai abin ya zama zagaye. Iyayen da suke da ɗan hali sukan cire 'ya'yansu su kai makarantar kuɗi, ko da ƙarama ce. Waɗanda suka rage su ne marasa ƙarfi, kuma muryarsu ba ta kai wa ga hukuma da sauƙi. Makarantar kuɗin kuma tana tsayuwa ne a kan arahar malami. An ga haka lokacin cutar korona, da aka rufe makarantun firamare daga Maris na 2020 zuwa Janairu na 2021: malaman gwamnati sun ci gaba da karɓar albashi, da yawa daga na makarantun kuɗi kuwa suka rasa nasu. Wannan ya nuna amfanin yarjejeniyar aiki, ya kuma nuna iyakar waɗanda take karewa.

Duk da haka akwai ƙofofin da al'umma take da su. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin gudanarwa wanda iyaye da wakilan unguwa suke ciki, kuma da saninsa ake tsara yadda za a kashe tallafin ɗalibai. Ginin makarantun firamare da gyaransu yana wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda tsarin mulki ya ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Tun da aka ba Nima da Maamobi ƙananan hukumominsu a 2018, wurin kai kuka ya matso kusa. Kansila da sarakunan zango da limamai suna iya tambayar yaushe tallafi ya iso, nawa ne, malamai nawa aka turo, aji nawa aka gyara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

10.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bayyana yadda malaman Gana suke ciniki da gwamnati ta hannun ƙungiyoyinsu, tun daga haɗin kan 1931 har zuwa yarjejeniyar 2024. An ga cewa doka ta tanadi masu zama da matakan sulhu da sharuɗɗan yajin aiki, kuma ta wannan hanya malamai sun sami ƙarin albashi da alawus, sun kuma hana a miƙa makarantu ga 'yan kasuwa a 2019. An kuma ga cewa cinikin bai kai ga kuɗin gudanar da makaranta da gine-gine da guraben sababbin malamai da matsayin malaman Larabci ba, alhali waɗannan su ne suka fi yanke hukunci a kan irin karatun da yaron Nima ko Maamobi zai samu. Buƙatar malami da ta ɗalibi suna haɗuwa a wurare da yawa, domin malamin da yake bin bashin albashi ba ya koyarwa da natsuwa, wanda aka biya kuma ba ya iya aiki a ajin da babu littafi. Abin da ya rage shi ne rabon ɗalibi ya sami masu bin kadinsa a kan lokaci, kamar yadda albashi ya samu, kuma iyaye da shugabannin zango ne suka fi kowa kusa da wannan aiki.